Makin da Na Ba Ƙafar Ishaya

Duk wanda ya taɓa cin shinkafar biki tsakanin unguwar Television da Unguwar Boro ya san muryata ko bai san fuskata ba. Ni ne Bulus, emsi mai gabatar da biki, wanda ake cewa ko a gidan makoki aka miƙa masa makirufo sai gawa ta yi murmushi. Litinin zuwa Juma'a ina sayar da fenti, Asabar ina sayar da baki. Yau dai ba dariya na kawo ba, ko da yake hali zanen dutse ne, za ta riƙa kufce mini. Na rubuta wannan ne saboda wanda zai raka mara lafiya asibiti a miƙo musu takarda da biro, domin ya san inda ya kamata hannunsa ya zauna: a aljihu.

Ishaya ɗan yayata Rifkatu ne. Yana aji uku na sakandare mahaifinsa ya rasu, karatu ya tsaya nan, ya shiga kafinta. Lokacin da abin nan ya faru shekarunsa ashirin da bakwai, aikinsa rufin kwano, kuma in ka hango shi yana yawo a kan katakon bene sai ka rantse a wurinsa ƙadangare ya koyi sana'a. Lahadi da yamma shi ne lamba bakwai na ƙungiyar ƙwallon unguwa. An riga an kai gaisuwa gidan su Godiya, 'yar Baba Ayuba dattijon cocinmu, an sa biki bayan Kirsimeti, ni ne emsi kuma kyauta.

Ciwon ya fara da farkon damina, a matsematsinsa na dama. Ya ce ji yake kamar an buga masa ƙusa mai inci huɗu an manta ba a cire ba. Sati na farko da na biyu kemis ya yi ta zuwa, wani ɗan shago a bayan kasuwa inda ya saba karɓar abin da suke kira allurar gajiya duk ranar da aiki ya yi nauyi. Shekaru ya yi yana karɓarta, shi da abokan aikinsa, ba wanda ya taɓa tambayar sunanta. A sati na uku ya fara ɗingishi.

Nan na shigo da tawa gudummawar. Na raɗa masa suna Taya Ɗaya. A wani biki a Unguwar Boro, ana tsakiyar rawa, na tsayar da kiɗa na ce yau zan koya wa jama'a sabon salo, rawar Ishaya. Na karkata kafaɗa, na ja ƙafar dama, na yi ta zagaya fili. Mata suka yi ta faɗuwa a kan kujeru, aka yi mini liƙi har a goshi. Shi ma yana tsaye bakin kanofi yana dariya. Daga ranar, in ya hango ni sai ya miƙe tsam ya yi tafiyar soja har ya wuce, ni kuma in ce wa uwarsa, “Yaya, kin gani? Maganina ya fi na kemis.”

Shawara kuwa mun sha ta har ta hau mana kai. Yaya Rifkatu ta ce wani abu ya taka a wurin gini, ta samo man zaitun da aka yi wa addu'a, tana shafa masa safe da yamma har wandunansa duka suka koma kamar takardar ƙosai. Maƙwabciya ta ce sanyi ne, a daka citta da kanumfari. Kocin ƙwallo ya ce tsoka ce, ya ƙara gudu za ta sake. A sati na shida muka haye gada zuwa Tudun Wada wurin wani Malam mai ɗori. Ya kwantar da shi a tabarma, ya juya ƙafar ciki, Ishaya ya yi ƙara irin wadda ban taɓa jin ta fito daga bakin namiji ba.

Malam ya saki ƙafar ya ce, “Wannan ba karaya ba ce, ba targaɗe ba ne. Ciwon yana can inda hannuna ba ya kaiwa. Ku je a ɗauki hoto, kada ku kwana biyu.”

Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa. Allah ya saka wa wannan bawan nasa. A cikin duk waɗanda suka taɓa ƙafar nan kafin asibiti, shi kaɗai ya ce bai sani ba.

Babban asibitin cikin gari ba sai na ba ku labarin layinsa ba. Mun je da sassafe muka tarar da mutanen da ina jin tun zamanin Nuhu suke jiran kati. Rana guda ta tafi a kati, rana guda a hoto, kuɗin fenti galan biyar ya bi su, sai a sati na takwas muka ga likitar ƙashi. 'Yar siririya ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, kuma duk barkwancin da na jefa mata faɗuwa ya yi a ƙasa kamar ɗanyen ƙwai. Ta ɗaga hoton a jikin taga ta nuna mana. Ta ce kan ƙashin cinya kamar ƙwallo yake a cikin kwano, to jini ya daina isa ga ƙwallon Ishaya, yana mutuwa a hankali daga ciki. Ta tambayi batun sikila, babu. Ta tambayi batun allurai, ya faɗa mata, ta cire tabarau ta murza idonta, ta ce irin allurar nan tana cikin abin da ke jawo ciwon.

Ta ce, “Har yanzu ƙwallon bai lotse ba. In aka yi aiki yanzu, aka huda ƙashin don jini ya samu hanya, ana iya ceto shi. In ya lotse, sai dai ƙarfe.”

Da ta faɗi kuɗin aikin, sai da na dafa bango. Amma ta ce akwai wasu likitocin ƙashi baƙi da za su zo nan da wata guda, suna yi wa matasa irin wannan aikin kyauta, sai dai gadonsu kaɗan ne. Mu dawo ranar Alhamis a tantance.

Daren Laraba labari ya kai kunnen Baba Ayuba. Da safe sai ga tsohuwar motarsa a ƙofar gida, ya ce ba zai bari surukinsa ya sha wahalar keke ba, shi zai kai mu. Kowa ya yi godiya, kowa kuma ya san abin da ya kawo shi. Mutumin da zai ba da 'ya yana son ya ga kayan da idonsa. Ishaya ya fito, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi kamar yadda aka saba. Ina tsaye a bayansa, na ga gumi ya tsattsafo masa a ƙeya, na ga yadda ya kama ƙofar mota kafin ya iya tashi. Baba Ayuba ya ce, “Ya jikin?” Ya ce, “Da sauƙi, Baba.” To me zai ce? A wurinmu ko kan mutum ya rabu da wuyansa, in babba ya ce ya jiki, kan zai amsa daga ƙasa ya ce da sauƙi.

A barandar asibiti mun kai mu talatin a kan benci, matasa masu ɗingishi da 'yan rakiyarsu. Wata nas ta bi layi tana raba takardu, shafi uku uku, da Turanci. Tana tafiya tana cewa, “Mai ciwon ne zai cika da kansa.” Na ji ta sarai, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma ba ta ce ga abin da za a yi da takardar ba, ba ta kuma nuna wani ɗaki da mutum zai keɓe ba.

Takardar tambayoyi ce, ƙarƙashin kowace tambaya an ja layi. Wannan bakin layin sifili, wato abin ya kai maƙura wajen muni. Wancan bakin ɗari, wato lafiya lau. Kai kuma ka sa alama inda kake. Ishaya ya ɗora ta a cinya yana bin kalmomin da yatsa, leɓensa na motsi. Baba Ayuba yana dama da shi yana leƙe. Ni kuma na ga dattijo yana kallon surukinsa yana kokawa da Turanci, ga jama'a zaune shiru ba mai nishaɗantar da su. Sai na fizge takardar da biron.

Na ce, “Kawo nan, Taya Ɗaya, kafin ka gama haɗa baƙi likitocin sun yi ritaya.”

Na miƙe tsaye, na gyara murya kamar na riƙe makirufo, na fara fassara wa duk barandar.

“Tambaya ta farko! Bature yana son ya sani, yaya kake ji in za ka zauna a ƙasa ko za ka tashi? Baba, ku ne shaida, ɗazu bai durƙusa ya gaishe ku ba?”

Baba Ayuba ya ce, “Ya durƙusa.”

“Ɗan'uwa, da wuya ko da sauƙi?”

Ishaya ya dubi takalmin surukinsa ya ce, “Da sauƙi, Kawu.”

Na sa alama kusa da ɗari. Aka tambayi ɗaukar kaya mai nauyi, na ce wannan da yake saɓa bandir ɗin kwano kamar tabarma? Casa'in. Aka tambayi doguwar tafiya, na ce jiya ma daga Television ya taka har gida. Ban faɗi cewa sau huɗu ya zauna a hanya ba. Aka tambayi ko yana tsoron ciwon zai hana shi sana'arsa. Ka tambayi saurayi wannan a gaban mutumin da zai ba shi 'ya ya ciyar! Ya ce, “Ba na tsoro.” Jama'a suna ta dariya, har masu sanduna, wani ma ya ce in na gama in zo in cika masa tasa. Allah ya taimaki wannan mai roƙon, uwarsa tana gefensa ta harare ni.

Sai na iso wata tambaya da na ga ta fi duk sauran maiƙo. Da mai hankali ne da ya tsallake ta. Ni kuwa sai na ɗaga hannu na ce a yi shiru.

“Jama'a, Bature ba shi da kunya! Wai yaya ciwon yake hana ka sha'anin ɗaki, kai da iyali? Baba, ku toshe kunne. Ango, Godiya za ta kawo ƙara ko ba za ta kawo ba?”

Barandar ta fashe. Wata tsohuwa ta yi guɗa. Baba Ayuba bai yi dariya ba, ya juyo gaba ɗaya ya zuba wa Ishaya ido. Ku duba ramin da na jefa yaron nan. In ya ce akwai matsala, ya gaya wa suruki 'yarsa za ta auri rabin miji, ya kuma gaya wa dattijon coci cewa ya san abin da bai kamata ya sani ba tukuna. Ya sunkuyar da kai.

“Kawu, rubuta abin da ka ga dama.”

Na ja alamar har ta wuce ƙarshen layi, na ce, “Ɗari da goma!” Aka tafa mini. A mota Baba Ayuba har rake ya saya mana, ya ce ashe abin ba wani abu ba ne. Na kwanta ranar ina jin na ceci aure.

Bayan sati biyu aka liƙa sunaye a ƙofar sashen ƙashi. Na bi su daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama, har ta bayan takardar na leƙa. Babu Ishaya. Na kutsa ofishin likita da bakina a gaba, ina cewa an yi son kai, an sa 'yan gida. Ta bar ni na gama. Sannan ta jawo fayil ta ajiye takardar nan a gabana, ga rubutuna, ga alamar da ta wuce layi. A saman shafin an rubuta da jan biro: tamanin da ɗaya.

Ta ce hotunan matasan nan da yawansu kusan iri ɗaya ne, gadaje kuwa ba su kai rabinsu ba. Sai baƙin suka ce a fara da waɗanda ciwon ya fi rushe wa rayuwa, kuma da wannan takardar suke aunawa. Masu maki ashirin da talatin aka ɗauka.

“Hoto ƙashi kawai yake nunawa,” in ji ta. “Takardar nan ce kaɗai ta tambayi mutumin. Ita kuma ta ce mana yaron nan yana aiki, yana ɗaukar kaya, ba ya tsoron komai. Wa ya cika ta?”

Na ce, “Ni ne, Likita.”

Ta ce, “Ƙafarka ce?”

Na roƙe ta, har na durƙusa, ni da nake da gwiwar durƙusawa. Ta ce an riga an tura sunaye, an yi wa waɗanda aka zaɓa gwajin jini, ba ta da ikon cire ɗan wani ta sa namu. Ta sa shi a jerin jiran ko wani zai fasa. Ba wanda ya fasa. Wa zai fasa? Ina da ƙorafi a kan asibitin nan kuma ba zan haɗiye shi ba: takardar da za ta yanke wa mutum hukuncin ƙafarsa ba a raba ta a baranda kamar takardar gayyatar biki, da yaren da rabin masu ciwon ba sa ji, ba tare da an ce ga amfaninta ba. Amma biron a hannuna yake.

Ta hana shi hawa rufi, ta ba shi sanduna biyu. Sati uku ya yi yana bin doka. Sai dai biki yana matsowa, ga suruki da aka gaya wa lafiya lau, yaya za a yi ya gan shi da sanduna? Ya ɓoye su a bayan ƙofa ya koma aiki. Wata ranar Talata cikin watan Nuwamba, yana kan wani bene a Unguwar Boro, ƙafar ta ce ita kam ta gama. Ya zauna a kan katako ya rungume shi, ba gaba ba baya, sai da abokan aikinsa suka ɗaure shi da igiya suka zuro shi ƙasa kamar bokitin siminti. Hoto na biyu ko ni da ban yi karatun likita ba na gane. Ƙwallon ya lotse kamar gwangwanin da mota ta bi ta kai.

Daga nan jinya ta gaskiya ta fara, irin wadda ba a ba da labarinta a biki. Ban ɗakin gidansu na tsuguno ne, shi kuwa tsuguno ya gagare shi. Yana kwance ya zana kujera mai rami a tsakiya, ya faɗi awon kowane katako, ni na buga ƙusoshin, ya ce ko makaho ya fi ni iya riƙe guduma. Wando sai uwarsa ta zura masa ƙafar dama. Barci sai da filo tsakanin cinyoyi. Yaya Rifkatu ta bar sayar da masarar da take gasawa ta zauna da shi, ta rame har zaninta yana zagaya ta sau biyu. Matan zumunta na coci sun yi ta kawo abinci da addu'a, Allah ya biya su. 'Yan ƙwallo sun zo sau biyu, a na biyun suka karɓi rigar lamba bakwai. Yaran unguwa kuwa har yau in sun ga mai ɗingishi sai su ce yana rawar Ishaya, ba su ma san wanda ya ƙirƙiro ta ba.

Da muka koma asibiti a watan Janairu, likita ta sake fito da irin takardar nan, sabuwa. Na gyara zama. Ishaya ya ce, “Kawu, ɗan jira mu a waje.” Na fita na zauna a bencin nan dai. Ita ta karanta masa da Hausa, ƙofa a rufe, kusan awa guda. Da ya fito idonsa ja. A wurin uwarsa na ji makin: goma sha tara. A wurinta kuma na ji cewa ya gaya wa likita ko a ranar Alhamis ɗin can, da shi ya riƙe biron, ba zai wuce talatin ba.

Baba Ayuba bai yi hayaniya ba, dattijo ne. Ya ce a ɗaga biki sai jiki ya yi kyau. Bayan Ista aka dawo da kayan gaisuwa cikin mutunci, ba abin da ya ɓace ko ƙyalle. Ya aiko a gaya mini ba ciwon ne ya ɓata masa rai ba, ƙaryar da aka yi masa a baranda ce. Godiya ta zo ta yi kuka sau uku, daga baya ta auri wani ma'aikacin banki. Dangin angon ba su san tarihi ba, suka zo har shago neman emsi. Karo na farko a rayuwata na ce ba ni da lokaci. Da na gaya wa Ishaya, ina jiran ya ce na kyauta, sai ya ce, “Da ka karɓa, Kawu. Ai ka iya.”

Yanzu yana da 'yar rumfa a bakin titi a Gonin Gora, yana ƙera benci da kujerun tsuguno a zaune, yana sayar wa matafiya. Kujera mai ramin nan ma ta samu kasuwa wurin masu tsofaffi a gida. Ƙafar dama ta fi ta hagu gajarta. Muna tara kuɗin ƙarfe, ko da yake likita ta gaya mana gaskiya, ƙarfe a jikin mai shekarunsa yana cinyewa, wata rana sai an sake. Rufi dai da ƙwallo sun wuce.

Don haka in ɗanka ko ƙaninka ya fara ɗingishi, kada ka raɗa masa suna. A raba shi da allurar da ba a san sunanta ba, a ɗauki hoto da wuri. In an miƙo takarda mai layi, ka tambayi me za a yi da ita, ka nemi wanda zai karanta masa a keɓe, ka kwashe suruki da kawu da duk wanda ake jin kunyarsa ku tafi sayen rake. Da sauƙi gaisuwa ce, a bar ta a ƙofar gida.

Shi Ishaya ya daina cewa da sauƙi gaba ɗaya. In uwarsa ta ce ya jiki, sai ya ce yau ashirin da biyar ne, ko ya ce yau goma, kada a taɓa shi. Haka yake amsa wa fasto, haka yake amsa wa masu sayen benci, har sun saba. Ni ma duk Juma'a in na rufe shago nakan hau mota in je, in kai masa ragowar fenti, in zauna a kan ɗaya daga cikin bencinsa. Yana karɓata da mutunci, yana sa a kawo mini ruwa. Sai in daure in ce, “Ɗana, ya jikin?”

Ba ya ɗaga kai daga katakon da yake gogewa.

“Tamanin da ɗaya, Kawu.”